Kurakuran da Masu Lambu Ke Yi Game da Jan Ƙwaro Mai Ɗigo

Wanda ya taɓa ɗaga ganyen wake lokacin da darɓa ta kama shi ya san ƙwaron nan: ɗan dunƙulalle kamar ɓarin ƙwayar wake, ja ko ruwan ɗorawa, da baƙin ɗigo a baya. Turawan Ingila suna kiransa ledibad, wato tsuntsun Uwargida, kuma Nana Maryamu suke nufi. Jamusawa ma ƙwaron Maryamu suke cewa, Rashawa su ce 'yar saniyar Allah, Turkawa kuwa ƙwaron sa'a. Batun sa'a dai camfi ne, haka ma cewar da ake yi wai yawan ɗigonsa shi ne shekarunsa. Ɗigon jinsi yake nunawa, kuma jinsin ya kai kusan 6,000 a duniya. Abin da ba camfi ba shi ne darɓa yake ci, gomman ta a yini.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne kashe 'ya'yansa. Ɗan ba ya kama da uwar ko kaɗan. Dogo ne siriri, baƙi ko toka-toka da tabo ruwan goro, ƙafa shida, jiki kaushi-kaushi, kai ka ce ɗan kada aka ƙanƙance. Mai lambu ya gan shi tsakiyar darɓa a kan ganyen da ya nannaɗe, sai ya ɗauka shi ne mai laifi, ya murtsuke shi da yatsa. Alhali wannan ɗan, cikin mako biyu zuwa uku da yake yi kafin ya maƙale a ganye ya rikiɗe, ba abin da yake yi sai cin darɓa, kuma ba shi da fiffike balle ya bar maka gonar. Ƙwai ma haka: in ka ga 'yan rawaya a tsaitsaye, cunkus wuri guda a bayan ganye kusa da darɓa, ƙyale su.

Sai gaggawar feshi. Da an ga darɓa a kan tsiro biyar sai a goya tanki a wanke fili duka. Maganin ba ya tambayar waye aboki. Darɓa kuwa haihuwa take yi ba tare da namiji ba, cikin kwana kaɗan ta dawo ta tarar babu mai cin ta. An ga irin wannan a Kaliforniya. A 1888 aka kawo wani jinsin ƙwaron daga Ostireliya, wanda masani Albert Koebele ya samo, don ya cinye wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke neman ƙarar da gonakin lemo. Cikin shekara biyu ya yi maganin abin. Da aka fara watsa maganin ƙwari na DDT bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai mai gadin ya mutu, ɓarawon ya dawo. Gyaran shi ne ka zaga ka duba tukuna. In da 'ya'ya ko ƙwai a wurin, ba su kwana uku ko huɗu. In abin ya ci tura, cire rassan da suka fi lalacewa, ka fesa ruwan sabulu ko na dogon yaro a kan wurin da ya kamu kaɗai, da yamma. Su ma suna taɓa 'ya'yan, don haka a yi kaffa-kaffa.

Da yawa kuma ba sa kula da tururuwar da ke hawa da sauka a kara. Kiwon darɓa take yi saboda ruwan zaƙin da darɓar ke fitarwa, tana korar duk mai son cin ta. Nemo ramin ka tarwatsa shi.

A Amurka har sayar da ƙwaron ake yi a jaka, an kwaso shi daga duwatsun Kaliforniya, kuma mafi yawansa tashi yake ya bar lambun cikin 'yan kwanaki. Jinsin Asiya da aka yaɗa don taimako kuwa ya isa Ingila a 2004 ya dinga danne na gida. Namu na nan fadama. Abin da yake so shi ne abinci da mafaka. Bar ɗan sashen da ba a feshi, da 'yan tsire-tsire masu fure a bakin kunya.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen: ɗaukar duk mai ɗigo a matsayin aboki. Wasu 'yan uwansa ganye suke ci, musamman na kabewa, kankana da gauta. Bayansu ba ya sheƙi, yana da gashi-gashi, launinsu ya fi karkata ga ƙasa-ƙasa, 'ya'yansu rawaya ne masu ƙaya. Dubi ganyen da yake kai. In an kankare shi ya zama kamar rariya kuma babu darɓa a kusa, tsince su da hannu da sassafe ka zuba a ruwan sabulu.