Kurakuran da aka fi yi wajen sake ɗaura injin rotari a gida

Bakaniken da ya shekara ashirin yana sauke injin Peugeot da Toyota a Kaduna, idan aka ajiye masa injin Mazda RX-8 a gabansa, abin da idonsa zai fara nema shi ne fistin da bawul, kuma ba zai same su ba. Injin rotari, wanda Bajamushen nan Felix Wankel ya ƙirƙiro aka kuma fara tayar da samfurinsa a kamfanin NSU a 1957, yana aiki ne da rota, wani ƙarfe mai tsini uku da ke juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Idan rota ta zagaya sau ɗaya, shaf ɗin tsakiya ya juya sau uku. Injin 13B da ke cikin RX-7 da kuma RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, rota biyu gare shi, kowace da sisi 654, kuma an jera shi hawa biyar: faranti uku na baƙin ƙarfe da gidan rota biyu na alminiyom a tsakaninsu, dogayen kusoshi sun ratsa su sun ɗaure. Ƙarancin kayan cikinsa ne yake ruɗar mutum ya ɗauka aikin kwana biyu ne a tsakar gida, alhali yawancin ɓarnar da ake yi masa daga hannun da ya saba da injin fistin take fitowa.

Kuskuren farko ana yin sa tun ba a taɓa sifana ba, wato a sauke inji ba tare da an gano abin da ya kashe shi ba. Mota ta riƙa tashi da safe amma ta ƙi tashi idan ta yi zafi, sai a ce a yi mata ringi. Gaskiya ne wannan alama ce ta raunin matsi, amma kwayil da ya gaji, da fulogi da ya mutu, da kik mai jan jiki duk suna kawo wahalar tashi. Ma'aunin matsi na injin fistin ma yaudara yake yi a nan, domin kowace rota fuska uku gare ta, shi kuwa yana riƙe lamba mafi girma ne kawai, sai ya nuna lafiya alhali fuska biyu sun mutu. Ana bukatar ganin bugu uku na kowace rota daban, inji yana da zafi, kuma a san gudun da kik yake juya shi, domin mafi ƙarancin da Mazda ta yarda da shi a RX-8 shi ne kilogiram 6.9 a kan kowane murabba'in santimita a juyi 250 a minti. Idan kuma an tabbatar injin ya mutu, sai a binciki lagireto, da fanka, da famfon da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta, da tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda takan toshe idan ɗanyen fetur ya daɗe yana ƙonewa a cikinta. Wanda ya mayar da sabon ɗauri cikin motar da waɗannan ba su da lafiya, zai sake sauke shi kafin damina ta zagayo.

Wajen kwancewa, ɗabi'ar zuba komai a kwano ɗaya na kalanzir ita ce ke jawo asara. Kowace rota tana da sil, wato ƙananan ƙarafan da ke hana matsi zubewa, uku na tsini, da shida na kwana, da shida na gefe, ga ringin mai biyu a kowane ɓangare, kowanne kuma da sifirin a ƙarƙashinsa, wasu ba su fi ƙwayar wake ba. Ya kamata a sami kwali a zana hoton rota a kai, gaba da baya, a manna kowane abu a gurbinsa, domin ko da ba za a mayar da tsoho ba, irin cin da ya yi shi ne zai nuna inda matsalar take. Notin filawil mai milimita 54 ne, an kuma ɗaure shi da ƙarfin da ya kai nitan-mita 400 ko fiye, don haka kurfi da guduma ba za su kwance shi ba sai dai su lalata shi. Sannan a lura da lokacin da ake aikin. Buɗe inji a fili cikin watan Disamba ko Janairu, ƙurar hunturu tana sauka a kan faranti mai maiƙo, daidai yake da shafa masa yashi da hannu. A sami ɗaki mai ƙofa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe duk abin da aka wanke da leda.

Inda ya fi cancanta a daɗe shi ne awo, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Cikin gidan rota an shafe shi da wani ƙarfe mai tauri da sheƙi, kuma idan ya fara ɓarewa daga gefe, ko farce yana kamawa a kan zanen da karyayyen sil ya bari, to gidan ya gama aiki. Ba a yi masa borin kamar silinda, babu kuma rota mai girman ƙari da za a saka. A kasuwar Panteka ta Kaduna akwai masu hannun da za su ƙera maka abin da kake tsammanin sai an yi odarsa, amma wannan guda ɗaya dole a nemo wani mai lafiya. Faɗin gidan rota na 13B milimita 80 ne, kuma ana auna shi a wurare da dama, musamman kusa da ramin fulogi inda zafi ya fi yawa. Idan bambancin ya wuce 0.06 na milimita, injin da ya taɓa tafasa ne ya motse, sil ɗin ruwa kuwa ba zai riƙe ba. Farantan ƙarfen ma ana duba gurbin da sil ɗin gefe ya ci a jikinsu, kada ya wuce 0.1 na milimita. Kai su wurin mai goge fuskar inji a ce ya ɗan share, kamar yadda ake yi wa top, kuskure ne, domin fatar samansu ce kawai aka taurara, idan aka cinye ta sai a iske ƙarfe mai laushi a ƙasa. A kuma bi bakin ramin da sil ɗin ruwa yake zama da tsinke, domin motar da aka daɗe ana zuba mata ruwan rijiya ko na burtsatse tsatsa takan cinye wannan siririn bango, kuma ta nan ruwa yake shiga ɗakin wuta.

Sil ɗin gefe sabo yakan zo da ɗan tsawo da gangan, sai an goge bakinsa kaɗan-kaɗan har tazarar da ke tsakaninsa da sil ɗin kwana ta zauna yadda littafin injin ya ce, wanda a 13B na RX-7 tsakanin 0.05 ne da 0.15 na milimita. Guda goma sha biyu ne, kowanne da gurbinsa, aikin yini guda ne ga mai haƙuri. Idan tazarar ta yi yawa matsi ya zube, idan ta yi kaɗan sil ya kumbura da zafi ya maƙale. Kafin nan sai an kankare baƙin gawayin da ya daskare a cikin ramukan, kuma abin da ya fi dacewa da wannan shi ne guntun tsohon sil, ba sukundireba ba. Gwajin mai sauƙi ne: a danna kowane sil da yatsa, ya nutse ya dawo da kansa.

Haɗa kayan zamani daban-daban wata masifa ce da ke samun mai saye a hannun 'yan gwangwan, inda komai sunansa 13B. Kafin 1986 ramin sil ɗin ruwa a jikin gidan alminiyom yake, daga 1986 aka mayar da shi jikin farantin ƙarfe, a injin RX-8 kuma ya koma alminiyom, aka kuma ɗauke ƙofar fitar hayaƙi daga jikin gidan rota zuwa farantan gefe. Kaurin sil ɗin tsini ma ya sauka daga milimita 3 zuwa 2. Rota kanta akwai harafin nauyi da aka buga a jikinta, kuma dole biyun su yi kusa da juna, su kuma dace da filawil da ma'aunin nauyi na gaba, in ba haka ba injin zai yi ta karkarwa har ya cinye metal ɗinsa.

Lokacin haɗawa, man basilin ne abokin aiki, shi yake riƙe ƙananan sil da sil ɗin ruwa kada su zame yayin da ake kifa faranti. Masu cika gam ja a ko'ina suna toshe hanyar mai da ta ruwa ne kawai. Sifirin na ringin mai yana da ɓangare, na gaba daban na baya daban, an kuma yi musu alamar fenti don kada a musanya. Da an kifa kowane faranti a duba ƙasa da kan tebur, domin ɗan ƙaramin yankin sil ɗin tsini yakan yi tsalle ba a gani ba, wani lokacin ma ya faɗa cikin injin. Dogayen kusoshin kuwa ana ɗaure su ne bi da bi yadda littafi ya tsara, a zagaye uku ko huɗu, har a kai nitan-mita 31 zuwa 39 da sifana mai awon ɗauri. Ɗaurin “ya ji” da ake yi da ƙarfin damtse ba ya aiki a kan alminiyom. Bayan kowane zagaye a juya shaf da hannu, a saurari numfashi shida masu ƙarfi ɗaya.

Akwai wani kuskure da ni kaina na taɓa yi, kuma har yau ina jin ciwonsa. A gaban injin, bayan fuli, akwai boris mai siraran allurai da ke zaune a kan wani zobe, shi yake hana shaf yin gaba da baya. Na ɗaure kusar fuli injin yana kwance, ashe boris ɗin ya zame ya faɗa bayan zoben, kusar ta murƙushe shi. Ban sani ba sai da na tsiyaye baƙin mai bayan 'yan kwanaki na ga yana ƙyalli kamar an zuba masa garin ƙarfe. Maganin shi ne a haɗa wannan sashe gaban injin yana kallon sama, sannan a auna wasan shaf da agogon awo, ya kasance tsakanin 0.04 da 0.09 na milimita; idan bai zauna ba, zoben ake canzawa da mai wani kaurin.

Sauran kurakuran bayan an mayar da inji ne. Rota da baƙin mai ake sanyaya cikinta, saboda haka tsohuwar kular mai da ba a wanke ba za ta mayar da garin ƙarfen tsohon inji cikin sabo. Cire tamostat, wanda ya zama al'ada a garejinmu da hujjar cewa ƙasarmu da zafi, ba ya hana wannan inji tafasa, a maimakon haka a gyara lagireto da fanka kafin zafin Maris da Afrilu, a kuma zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Kowace rota fulogi biyu gare ta, na ƙasa da na sama, ba iri ɗaya ba ne, kuma musanya wayoyinsu yana iya karya sil. Shan baƙin mai kuwa ɗabi'arsa ce, domin da gangan wani famfo yake ɗiga shi cikin ɗakin wuta ya jiƙa sil ɗin tsini. Wanda ya toshe wannan famfo don ya ga hayaƙi, ya yanke wa injin abincinsa. Masu cire shi da sani sukan gauraya man inji mai bugu biyu a cikin fetur duk lokacin da suka zuba wa mota fetur.

Tashin farko yakan zo da farin hayaƙi mai yawa saboda basilin da ke ƙonewa, kada a tsorata a kashe. A bar shi ya yi zafi sosai ana kallon allurar ruwa da ta mai, domin kashe rotari da sanyi yana sa fetur ya cika shi ya ƙi tashi. Idan hakan ta faru a RX-8, a taka totur har ƙasa a yi kik, kwamfutar motar za ta yanke fetur har ya share. Daga nan a yi kamar kilomita dubu ana tafiya a hankali ana sauya gudu, irin zuwa Zariya da dawowa ba tare da an ƙure totur ba, a canza baƙin mai da matatarsa, sannan a sake auna matsi a rubuta lambobin shida a ajiye.