Yadda Ake Sa Baki a Dokar Jiha Tun Kafin Gwamna Ya Rattaba Mata Hannu

Yawancinmu ba ma jin labarin doka sai ranar da ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Jami'i ya zo da takarda, ya ce daga yau sai da lasisi kaza, ko an ƙara haraji kaza, sai a hau rediyo da Facebook ana ta kumfar baki. Ihu ne bayan hari. Dokar nan ta yi makonni ko watanni a majalisar dokokin jiha tana ƙudiri, kuma a lokacin, da biro kawai ake cire mata layi ko a ƙara mata. A wannan tsakanin ake shiga, ga kuma yadda ake yi.

Ka fara tabbatarwa maganar ta jiha ce

A ƙasar da ke bin tsarin tarayya, kowace majalisa da iyakar gonarta. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya keɓe wasu abubuwa ga tarayya ita kaɗai, kamar kwastan, bankuna da ma'adinai. Idan ka kai kuka kan waɗannan majalisar jiha, iyakarta ta yi maka jaje. Akwai kuma waɗanda ɓangarorin biyu ke da hannu a ciki, sai dai in dokokinsu suka ci karo, ta tarayya ce a sama. Iyakar ma tana motsawa: gyaran da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi damar yin dokokin wutar lantarki da na jiragen ƙasa. Duba wannan tukuna kafin ka ɓata takarda.

Nemo ƙudirin, ka san inda ya kwana

Ƙudiri yana bi ta karatu uku. Na farko ambaton suna ne kawai. A na biyu ake muhawara kan manufarsa. Daga nan sai a miƙa shi ga kwamiti, kuma nan ne wurinka. A zauren majalisa ana magana ne don kyamara, amma a kwamiti mutum biyar ko bakwai ne ke zama su bi sashe-sashe suna gyara. Ƙudirin da ya kai karatu na uku, da wuya a sake taɓa shi.

Je ofishin magatakardan majalisa ka nemi kwafi, ka tambayi kwamitin da aka ba, da sunan sakataren kwamitin. Wannan sakatare, ni a wurina, ya fi shugaban kwamitin amfani a makon farko. Shi ya san ranar zama, shi ke karɓar takardu, kuma sau da yawa shi ke zana rahoton da 'yan majalisa za su sa wa hannu. Ka gaishe shi da mutunci, ka karɓi hanyar da za ka riƙa tuntuɓarsa.

Ka kuma san kalandar majalisarka. Ta jiha a Najeriya wajibi ne ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Ta jihar Texas a Amurka kuwa sau ɗaya take babban zama a shekara biyu, na kwana 140, wanda ya makara sai ya jira zagaye na gaba.

Karanta shi da kanka

Kada ka dogara da abin da aka turo a WhatsApp. Wurare uku nake fara dubawa. Na ɗaya, sashen fassarar kalmomi: in an ce "wurin sana'a" ya haɗa da duk inda ake saye da sayarwa, to mai tebur ɗaya ya shiga sahu ɗaya da mai kamfani. Na biyu, sashen hukunci da tara. Na uku, wanda mutane suka fi tsallakewa, layin da ke cewa kwamishina na iya fitar da ƙa'idoji ko ƙayyade kuɗi yadda ya ga dama. Wannan ɗan layin ƙofa ce da aka bari a buɗe, kuma ta nan yawancin wahalar ke shigowa daga baya.

Rubuta abin da kake so a gyara, kalma da kalma

A nan mafi yawa ke faɗuwa. "Ba mu yarda da wannan doka ba" ba ta ba ɗan majalisa abin yi. Amma in ka ce, "A sashe na 12, a cire kwana bakwai a sa kwana casa'in, don sabunta lasisi ba ya yiwuwa cikin mako guda," ka ba shi abin da zai miƙe ya gabatar, har ya ci yabo a kai. Bar shi ya ci yabon. Kai gyaran kake nema.

Takardar kada ta wuce shafi biyu. A sama: ku su wane ne, mutum nawa kuke wakilta. Sai sashen da ke damunku, illarsa, da sabuwar jimlar da kuke so. Ɗan kasuwa yana da makamin da sauran jama'a ba su da shi, wato littafin lissafinsa. Ka ce ma'aikata nawa kake biya, rasit ɗin haraji iri nawa ka tara a shekarar da ta wuce, ka haɗa kwafinsu. Kada ka ƙara gishiri ko kaɗan. Ranar da aka kama ka da alƙalumma ɗaya ta ƙarya, duk sauran takardar ta mutu.

Tara jama'a, amma jama'ar da ta dace

Majalisar jiha ƙarama ce. A Najeriya ba ta gaza mutum 24 ba, ba ta wuce 40 ba, ke nan ƙuri'a goma sha uku ko ashirin da ɗaya na iya yanke magana. Ɗan majalisa kuma kunnensa na wajen masu zaɓensa. Mutum ashirin daga mazaɓarsa da suka je ofishinsa da katin zaɓe sun fi sa hannun mutum dubu da bai san daga ina suke ba. Saboda haka ku raba aiki: kowa ya nufi wakilin mazaɓarsa, a fara da waɗanda ke cikin kwamitin.

Ku nemi abokan tafiya da ba irinku ba. Idan ƙungiyar 'yan kasuwa ce kaɗai ta yi magana, za a ce riba suke karewa. In ma'aikata da masu saye suka faɗi abu ɗaya, sai a gyara zama. Haka matasan da suka nemi a rage shekarun tsayawa takara suka yi. Gyaran kundin tsarin mulki na buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, suka bi su ɗaya bayan ɗaya, har aka sa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018, shekarun takarar majalisar jiha suka sauko daga 30 zuwa 25.

Kamun ƙafa halas ne, cin hanci laifi ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da faɗi. Kada ka je da ambulan. A jihohin Amurka ma duk wanda ake biya don ya yi wa wani kamun ƙafa sai ya yi rajista.

Ranar jin ra'ayin jama'a

A jihar Nebraska ta Amurka kusan kowane ƙudiri sai an yi masa zaman jin ra'ayi. A wurare da yawa kuwa sai kwamiti ya ga dama, don haka in ba a sa rana ba, ku rubuta ku nema.

Na taɓa zama a irin wannan taro. Aka ba shugaban wata ƙungiya minti biyar. Ya gaida kakakin majalisa da bai ma zo ba, ya gaida shugaban kwamiti da mambobi ɗaya-ɗaya da sarautunsu, ya yi addu'a, ya yaba wa gwamna. Yana cewa "To, game da wannan ƙudiri," aka ɗaga masa hannu, lokaci ya ƙare. Wata mata ta biyo bayansa da 'yar takarda a ninke. Ta ce, "Mai girma shugaba, ranka ya daɗe, ina da ma'aikata tara. Sashe na 8 in ya wuce a haka, uku zan sallama. Ga gyaran da muke roƙo." Ta karanta layi biyu, ta miƙa wa sakatare, ta zauna. Ita kaɗai na ga an yi wa tambayoyi.

Ka zo da kwafi da yawa, ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka. In an tambaye ka abin da ba ka da amsarsa, ka ce za ka aiko a rubuce, ka kuma aiko. Batun harshe: sashe na 97 na kundin tsarin mulki ya ba majalisar jiha damar gudanar da aiki da wani harshen jihar bayan Turanci in ta amince, don haka ka tambaya tun da wuri ko za ka iya magana da harshen da ka fi ƙwarewa.

Bayan an watse

Bi sawun rahoton kwamiti, ka ga ko gyaranka ya shiga. In bai shiga ba, saura dama ɗaya: wani ɗan majalisa ya gabatar da shi lokacin da zaure ke duba rahoton.

Daga nan sai teburin gwamna. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma majalisa na iya tsallake shi da kaso biyu bisa uku. Cikin kwanakin nan ku aika takardarku ga kwamishinan shari'a da kwamishinan da abin ya shafa. Gaskiyar magana, a jihohi da dama ƙudirin da ya fito daga fadar gwamnati ba ya daɗewa a majalisa, wani lokaci kwanaki kaɗan ne. Ga irin wannan, ma'aikatar da ke zana shi za ku fara kama wa ƙafa tun bai iso zaure ba.

Wasu na saurin ambaton kiranye in ransu ya ɓaci. Sashe na 110 na kundin tsarin mulki yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Aiki ne ja, kuma barazana da shi na rufe maka ƙofar da za ka sake buƙata. Ya fi sauƙi ka ajiye fayil: kwafin ƙudirin, takardarku mai hatimi, da sunan wanda ya goyi baya da wanda ya yi shiru. Za ka buɗe shi ranar da ma'aikata ta fara rubuta ƙa'idojin aiwatarwa, da ranar da aka kawo kasafin kuɗi.