Yadda Za Ki Samu Natsuwa a Gida da Saƙar Faifai

Ana yawan cewa aljannar duniya sai mai kuɗi. Ni dai tawa rabin awa ce, tsakanin la'asar da ɗora tukunyar dare, ina zaune kan tabarma da kaba a hannu. A wurin goggona na koya a nan Bauchi, kuma ga yadda ake yi.

Fara da haɗa kaya, ba su da yawa: kaba, wato ganyen goriba tun tana ƙarama, busasshiyar ciyawa mai tsayi wadda za ta zama cikin saƙar, basilla, garura, sai kwano da ruwa. In kin shiga kasuwar Muda Lawal ko Wunti, tambayi masu sayar da tabarma da igiya, su za su nuna miki inda kaba take. Zaɓi mai haske wadda ba ta yi baƙi-baƙi ba.

Sai ki jiƙa kabar ta yi laushi, ki tsattsaga ta siri-siri da bakin basilla. Ki raba gida biyu, rabi ki bar shi da farinsa, rabin ki rina. Tafasa ruwa, zuba garura, tsoma kabar har ta sha launi, sannan ki shanya a inuwa. Iyayenmu da karan dafi suke samun ja, shuɗi kuma daga baba. Launi biyu sun ishi mai koyo, kada ki tara wa kanki aiki.

Yanzu sai cibiya, inda mafi yawan masu koyo suke ajiye basilla su ce abin ba nasu ba ne. Ɗauki ciyawa kaɗan, kaurin da bai kai ɗan yatsa ba, ki nannaɗe bakinta da kaba, ki lanƙwasa ta zama ɗan zobe. Daga nan kullum abu ɗaya ne: ki huda layin baya da basilla, ki zura kaba, ki zagayo da ita kan ciyawar, ki ja ta kama. Ciyawa ta fara sirancewa, ki cusa wata a tsakiya. Cibiyata ta farko sau huɗu Goggo ta sa na warware. Na ce, "Goggo, ai ba wanda zai lura." Ta ce, "Ke kin lura ai, 'yar nan." In kin ja da ƙarfi faifan zai kumbura ya zama kamar kwando, in kin sake kuma ya yi lagwai-lagwai. Hannu ne zai gano tsakiyar da kansa, ba a gaya wa mutum wannan da baki.

Wayarki fa? Bar ta a ɗaki. Ado ƙidaya yake so, misali ja biyar, fari biyar, a layi na gaba ki gusa da ɗaya sai zanen ya karkata. Mai ƙidaya ba ta da sararin tunanin kuɗin makaranta ko maganar da kishiya ta yaɓa mata da safe, nan natsuwar take shigowa ba sallama. Ga shi ba ruwanki da an kawo wuta ko ba a kawo ba.

Da hunturu kaba saurin bushewa take yi ta riƙa karyewa, don haka ki rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma.

In faɗinsa ya kai ya rufe bakin ƙwaryarki, ki daina ƙara ciyawa, ki bar ta ta sirance har ta ɓace a layin ƙarshe, ki soke wutsiyar kabar ciki ki yanke. Na farko kada ki kai shi kasuwa, ba kuma na jeren amarya ba ne. Nawa karkatacce ne, har yau shi nake rufe furar maigida da shi.