Ƙwan fitilar mota: wace lamba za ka saya, 4300K ko 6000K ko 8000K?

Duk wanda ya shiga kasuwar Ladipo ko ta Trade Fair a Legas neman ƙwan fitilar gaba ya san yadda ake yi, za a zube maka kwalaye a gabanka, wannan an rubuta 4300K wancan 6000K wani har 10000K, kai kuma ranka ya ba ka cewa mai babbar lamba shi ne mai haske. Toh ɗan uwa ba haka abin yake ba. Wannan K ɗin Kelbin ne, launin hasken yake gaya maka, ba ƙarfinsa ba. Ƙarfin haske da lumen ake auna shi, shi kuma daban ake rubuta shi.

Ga yadda launin yake tafiya. 3000K rawaya ne sosai kamar kwaiduwa. Ƙwan halojin, wato na gargajiya mai siririyar waya a ciki, da yawancin motocinmu 'yan Beljiyam suke zuwa da shi wajen 3200K ne, fari mai ja-ja. 4300K fari ne da ɗan rawaya kaɗan, kuma shi ne kamfanoni suka fi sa wa motocin da suka fito da HID, wato ƙwan da ke aiki da iskar gas ta zenon, tun daga masana'anta. 5000K fari tas. Daga 6000K shuɗi ya fara shigowa, 8000K shuɗi ne ƙarara, 10000K zuwa sama kuwa har ya fara komawa shunayya mai duhu, wannan kwalliya ce kawai.

Ni abin da ya sa nake damuwa da maganar nan, wata damina na sa HID mai 8000K a Corolla ta, in na kunna a gareji jikin bango gwanin kyau. Ranar nan na taso daga Obalende zan koma Agege wajen goma na dare, ina kan gadar Third Mainland ruwa ya tsuge, wallahi sai na ga kamar kwalta ta shanye hasken gaba ɗaya, sai da na leƙa dashbod na tabbatar fitilar a kunne take. Farin layin titi ma da ƙyar nake ganinsa, ga feshin ruwa daga tayar motocin gaba yana dawo min da shuɗin nan cikin ido, haka na rage gudu na lafe a bayan wata bas ina bin jar fitilarta har Oworo, hannuna na gumi a kan sitiyari. Washegari na je wajen mai rewaya muka cire.

Dalilin abu biyu ne. Jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta dawo da haske wajenka, gaba take wurga shi kamar madubi, don haka ɗan abin da ya rage kake gani da shi. Sannan a HID, idan lambar ta wuce wajen 4300K hasken da ke fita raguwa yake yi. HID mai wat 35 a 4300K yana ba da wajen lumen 3200, in ka haura zuwa 8000K ka yi asarar wani kaso mai yawa. Haka ma halojin ɗin nan da ake shafa wa gilashinsa shuɗin fenti don ya yi kama da HID, fentin nan tare haske yake, ka biya kuɗi an rage maka gani.

Shawarata ga mai tuƙi a Legas, inda ruwan Yuni da Yuli ba ya sallama, ka tsaya tsakanin 4300K da 5000K. In LED za ka sa, yawancin na kasuwa 6000K ne ko 6500K, ka tambaya a nemo maka mai ƙasa da haka, ana samu. Fitilar hazo ta ƙasa kuwa ka sa mata 3000K, rawaya ba ta damun ido cikin ruwa ko ƙurar hunturu, musamman ga masu tafiyar dare zuwa gida ta Ibadan da Ilori a watan Disamba. Faransa ma shekaru da dama rawaya ta wajabta wa motocinta, sai 1993 ta sake dokar.

Kafin ka biya, cire tsohon ƙwan ka karanta lambar gindinsa, H4 ne ko H7 ko H11 ko 9005 ko 9006, ka tafi da shi a hannu. Ka duba gidan fitilar kuma. In mai ƙwayar gilashi ce a ciki, wato furojekta, tana yanke hasken a layi. In kuwa mai kwano ce da aka ƙera don halojin, ka cusa mata HID ko LED mara kyau, hasken watsewa zai yi sama yana kashe wa na gabanka ido, ɗan acaba ko mai Keke ya rasa inda zai bi, wannan haƙƙi ne a wuyanka ko da wane launi ka saya. Kuma in murfin fitilar ya dafe ya yi rawaya don rana, a fara goge shi, sau da yawa shi ne matsalar ba ƙwan ba.

Ka canja biyun tare don kar launi ya bambanta, kar ka taɓa gilashin halojin da yatsa don maiƙon hannu yana ƙona shi da wuri. In an gama ɗaurawa ka jira magariba ta yi, ka tsayar da motar a wuri mai daidai kamar mita 7 da rabi daga bango, ka kunna dim, saman hasken ya tsaya ɗan ƙasa da tsayin fitilar, in ya haura ka ce wa mai rewaya ya sauke shi da sukurun saiti kafin ka hau titi.