Yadda Ake Duba Tsohuwar Babbar Mota Kafin A Biya Kuɗi

Yawancin motocin DAF da MAN da ke ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Kudu sun gama aikinsu na farko a Turai kafin su sauka a Kwatano ko Legas, yayin da tsofaffin Marsandi irin su 911, waɗanda aka riƙa harhaɗa wasunsu a kamfanin ANAMMCO na Enugu, suke ta jigilar itace da yashi bayan shekaru masu yawa. Tsufa kaɗai ba ya kwantar da irin waɗannan motoci. Zafi da ƙura da gurɓataccen dizal da lodin wuce kima ne ke cinye su, kuma kowannensu yana barin alamar da mai saye zai iya gani idan ya yi haƙuri.

A nemi ganin motar da sassafe, tun inji yana da sanyi, a kuma ɗora hannu a jikinsa don tabbatarwa, domin dillalin da ya tayar da mota kafin isowar mai saye ya riga ya ɓoye rabin labarinta. Inji mai lafiya yana tashi ba tare da an daɗe ana murza makulli ba, hayaƙinsa kuma yana washewa cikin ɗan lokaci. Baƙin hayaƙi yawanci daga nozul ne ko toshewar matatar iska, gyaran kuma ba ya wuce ƙarfin mai mota. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna inji na shan baƙin mai, ko dai ta ringi ko ta tobo. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi shi ne abin tsoro, don sau da yawa ruwa ne ke shiga silinda. Yayin da inji ke aiki, a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai: idan hayaƙi yana bugowa da ƙarfi har ya ture murfin da aka ɗora sako-sako, to ringi da silinda sun ci, sauke inji kuma ya kusa.

Batun ruwa ya fi komai cancantar a tsaya a kansa, saboda zafi ne ya fi kashe tsofaffin injuna a hanyoyinmu. Kafin a tayar da mota a buɗe lagireto a duba ko akwai maiƙo ko tsatsa, sannan a tayar da inji a bar lagireton a buɗe na ɗan lokaci a ga ko kumfa tana tasowa, wadda ke nuna gasket ta ƙone ko kan silinda ya tsage. A zaro sandar auna baƙin mai. Idan man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya riga ya gauraye da shi. A tambaya kuma ko an cire tamostat (na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji), al'adar da ta yaɗu a garejinmu da sunan maganin zafi, alhali abin da ake bukata shi ne wanke lagireton da ƙurar hunturu ta toshe daga waje, gishirin ruwan rijiya kuma ya toshe daga ciki, tare da duba bel da famfon ruwa. Bayan an zaga da motar ta yi zafi sosai, a sake kallon agogon baƙin mai, domin wanda ya faɗi ƙasa idan inji ya yi zafi yana faɗar cewa metal, wato boris ɗin cikin inji, ya ci, daga nan kuwa sai bugawar inji.

Birkin iska yana da gwaji mai sauƙi. A bar iska ta cika har agogo ya kai wajen bar 8, a kashe inji, a taka birki a riƙe na minti ɗaya ana kallon allurar. Idan ta ci gaba da sauka, iska na zurarewa a wani wuri. A ja zoben da ke ƙarƙashin tankin iska: ɗan ruwa ba abin mamaki ba ne, amma ruwa mai yawa haɗe da baƙin mai yana nufin kwamfiresa ta gaji. A gwada birkin salansa ma, wanda ke rage gudu ta hanyar toshe hayaƙin inji, domin motar da za ta sauka Hawan Kibo da lodi tana dogaro da birkin ƙafa kaɗai, za ta ƙona shi tun ba a kai ƙasa ba.

Sai a shiga ƙarƙashin mota da tocila. A bi shasi daga gaba zuwa baya, musamman inda sifirin ke rataye da inda ake ɗaura bodin tirela, ana neman tsaga ko walda ko sabon fentin da ya tsaya a wuri guda. Sifirin da aka ƙara wa ganye shaida ce cewa motar ta sha lodin da ya fi ƙarfinta, wanda ke nufin aksul da boris da kuloci duk sun ɗanɗana. A duba tayoyi ma. Lambobi huɗu na ƙarshe na jerin da ya fara da DOT a gefen taya suna faɗar lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Akwai kuma zaɓin da ya kamata a yanke tun a gida. Motoci masu famfon injekta na da, irin 911, kusan kowane makanike a Marabar Jos ko Tafa zai iya tayar da su, kayansu kuma ana samu a Ƙofar Ruwa da Panteka. Masu kwamfuta, irin Actros da ta fito a 1996, sun fi ƙarfi da tattalin mai, sai dai ba sa jure dizal mai ruwa, matsalar wayoyinsu kuma sai rewayan da ke da na'urar bincike. Wanda aikinsa na ƙauyuka ne, a ganina ta dā ta fi masa.

Kafin kuɗi su fita, a gwama lambar da aka buga a jikin shasi da ta takardun kwastan harafi da harafi. Idan ciniki ya faɗa, a canza baƙin mai da dukkan matatu a ranar farko, a zubar da ruwan da ya kwanta a tankin dizal, ko da mai sayarwa ya rantse cewa jiya ya yi sabis.