Yadda Ake Gwada Filasta Da Famfas Ɗin Manya Kafin A Sa Wa Majinyaci

Mai jinyar tsoho ko mai fama da yoyon fitsari bai kamata ya sayi katan guda na kaya ba sai ya gwada kaɗan, domin fatar da ta daɗe a kwance ba ta jure abin da fatar mai lafiya take jurewa. Ko a kemis ɗin unguwa aka saya ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta Kaduna, a fara duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Gwajin filasta ba shi da wuya. A wanke cikin damtsen majinyacin, a bari ya bushe sarai, a manna ɗan guntu kamar faɗin babban yatsa, sannan a bar shi awa 24 zuwa 48. Idan aka ga ja, ƙaiƙayi ko ƙuraje masu ruwa, a cire nan take. Kuma a ci gaba da duba wurin kwana biyu bayan cirewa, saboda wani borin fatar yakan makara kafin ya bayyana. Wajen cirewa kada a fizge: a danne fatar da yatsa, a ja filastar a hankali a kwance, ta inda gashi ya kwanta. Filasta mai danƙon silikon ta fi sauƙi ga fatar tsofaffi, ko da yake ta fi tsada, kuma zufar watan Maris da Afrilu a Kaduna takan saki kowace iri da wuri.

Famfas kuwa, kada a gwada shi da zallan ruwa, domin garin da ke cikinsa yana shan ruwa fiye da yadda yake shan fitsari, sai a ɗauka mai kyau ne alhali ba haka ba. A narkar da gishiri giram 9, wato kusan cokalin shayi ɗaya da rabi, a cikin ledar fiya wata biyu. A zuba kwatan wannan ruwan a tsakiyar famfas ɗin, a jira minti biyar, a ɗora tishu, a danna da tafin hannu sosai kamar nauyin mai zama. Tishun da ya jiƙe sharkaf yana nuna damshin zai koma jikin majinyaci. A sake zubawa karo na biyu, domin a nan ne mai arha yakan tona kansa, musamman ta gefen cinya.

A auna ƙugu da tef ɗin tela kafin a zaɓi girma. Idan fata ta riga ta saluɓe, a kai majinyacin asibiti, kamar Barau Dikko, kafin a manna komai a wurin.