Yadda Za Ka Auna Tasirin Mai Bincike Kan Ƙwayoyin Bairos Da Garkuwar Jiki

A ƙauyukanmu na Jigawa, daga yankin Ringim har zuwa Birnin Kudu, ba a rasa saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, inda wani da aka ce farfesa ne ke bayani kan allurar ƙyanda ko ɗigon shan inna. Ma'aikacin ƙaramin asibiti, wanda iyaye mata ke tsarewa da tambaya ranar rigakafi, yana buƙatar hanyar gane wanda ya cancanci a saurare shi, kuma wayar da ke aljihunsa ta isa wannan aiki.

Fara da rubuta cikakken sunan mutumin a Google Scholar, shafin Google na neman maƙalolin bincike, sannan ka sake nemansa a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci da gwamnatin Amurka ke kula da shi, wanda shigarsa kyauta ce. Sunayenmu suna yawan kama da juna, saboda haka ka tabbatar da jami'ar da yake aiki, ko lambarsa ta ORCID, wato lambar shaida ta masu bincike, mai alƙaluma 16. Ka duba kuma ko rubuce-rubucensa a kan bairos da garkuwar jiki suke, domin farfesan wani fanni daban ba hujja ba ne a wannan.

Daga nan za ka ga adadin ambato, wato sau nawa wasu masana suka kafa hujja da aikinsa, da kuma ma'aunin h, wanda masanin fiziya Jorge Hirsch ya gabatar a 2005. Idan aka ce ma'aunin mutum 20 ne, ana nufin yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ma'aunin yana da amfani, amma yana fifita wanda ya daɗe a fage, don haka kada ka gwada matashin da ya kammala digiri na uku bara da dattijon da ya shekara 30 a ɗakin gwaji. Ka lura da gurbin sunansa a jerin marubuta: a al'adar wannan fanni, na farko shi ne yawanci ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe kuwa shi ne jagoran binciken.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya natsu, domin yawan ambato ba ya nuna ingancin aiki. A 1998 Andrew Wakefield ya wallafa maƙala a mujallar Lancet kan yara 12, wadda ta jefa shakku a kan allurar da ta haɗa da rigakafin ƙyanda. An ambace ta ba adadi, amma da yawa daga masu ambatonta ƙaryata ta suke yi, kuma a 2010 mujallar ta janye ta, aka soke lasisinsa na likita a Birtaniya. Ita kuwa mai bincike Katalin Kariko, aikin da suka wallafa da Drew Weissman a 2005 bai ja hankalin mutane da yawa ba a lokacin, sai ga shi ya zama tubalin wasu alluran korona, har suka karɓi kyautar Nobel a 2023. Saboda haka ka buɗe maƙaloli biyu ko uku cikin waɗanda suka ambaci mutumin da kake aunawa, ka ga ko gini suka yi a kan aikinsa ko rushe shi suka yi. PubMed na sanya alama bayyananniya a kan maƙalar da aka janye.

Ka yi hattara da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin 'yan kwanaki ba tare da masana sun tantance ba.

Tambayar da ta fi damuna, a matsayina na wanda ya ga yaro kwance a kan tabarma ƙyanda ta feso masa, idanunsa sun yi jajur, ita ce ko binciken ya sauya wani abu a zahiri. Cikin Maris na 2020, cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a garin Ede na jihar Osun ta warware tsarin halittar ƙwayar korona da aka samu a Najeriya, karo na farko a Afirka, kuma ta daɗe tana aiki kan zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Irin wannan tasiri za ka gane shi idan ka sauko da ƙa'idojin da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Najeriya ko Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar kan cutar da ake magana a kanta, ka gangara ƙarshen takardar inda aka jera ayyukan da aka dogara da su, ka nemi sunan mutumin. Idan wata maƙala ta gagara buɗuwa sai da kuɗi, ka rubuta wa marubucin ta adireshin imel da ke jikinta, domin masu bincike da yawa suna aiko da kwafi idan aka roƙe su.